Warin Ɗakin Yaya

A gidan Manaja, in abu ya lalace, sai an fara nemo wanda ya lalata shi kafin a nemi mai gyara. In ba a samu mai laifi ba, gyaran ma sai ya dakata. Wannan karon dai ba su sha wahalar nema ba, don ƙazantar da kanta ta nuna musu ɗakin da za su dosa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da su, keken ɗinkina kuma a gindin taga yake, saboda haka ba na kasa kunne, maganar ce take zuwa ta same ni. Gidan bene ne. Manaja da matarsa, wadda kowa ke kira Madam, suna sama. Falo da kicin suna ƙasa. Can baya, inda filin ya ɗan gangara, akwai ɗaki mai banɗaki a ciki, nan yayar Manaja take zaune tun rasuwar mijinta. Kowa Yaya yake ce mata, har mu maƙwabta. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Manaja da Auta, shi kuwa in ta faɗa a gaban mutane sai ya yi kamar da wani ake.

Wata safiya Yaya ta tashi ta tarar ruwa ya taso ta magudanar banɗakinta, baƙi, mai kumfa, ya haye dokin ƙofa ya jiƙa mata gefen kafet. Warin ba sai na bayyana ba. Ni da nake bayan katanga sai da na rufe taga.

Manaja ya sauko cikin kayan ofis, hankici a hanci, ya tsaya nesa da ƙofa ya leƙa.

"A ɗakinki ya fito?"

"Ga shi kana gani, Auta."

Ya juya wajen matarsa. "A namu ya fito?"

"Namu tas yake," in ji Madam.

"To ai magana ta ƙare."

Yaya ta dubi ruwan, ta dubi ƙanenta. "Ni kaɗai zan yi wannan duka? Giwa ce ni?"

"Ba wanda ya ce laifinki ne, Yaya," in ji Madam cikin muryar da take yi wa masu bin ta ciniki. "Tsufa ne. Mutum yakan jefa abu a masai ya manta ya jefa."

Yaya ta ce a kira mai gyaran famfo. Manaja ya ce ya san su sarai, kafin su ce uffan sai sun farfasa wa mutum tsakar gida, shi kuwa bai daɗe da shimfiɗe tasa da bulo mai ado ba, ya kafa wa motarsa rumfa. Ba zai bari a taɓa masa ko ɗaya ba saboda tsumman da wata ta jefa a masai. Ya duba agogo ya shige mota. Yaya ta ɗauko bokiti da tsintsiya.

Daga ranar aka fara kafa dokoki. Kada ta zuba ganyen shayi a magudana. Ta ce ba ta taɓa zubawa ba, aka ce to kada ta fara. Kada ta yi wanki a banɗaki. Da ruwan ya sake tasowa, Madam ta ce ta yi bincike a waya, wake da maiƙo su ne suke toshe bututu, aka cire su daga kwanon Yaya. Su a sama ba su fasa ci ba, ga alama cikinsu ne yake da rariyar tace maiƙo.

Yaya ba mai hayaniya ba ce, amma ba ta da saurin yarda. Ta ja kujera ta zauna a ƙofar banɗakin ta yini tana saurare. Ta lura in gidan ya yi shiru, magudanar ma shiru take yi. Da zarar an buɗe ruwa a sama, sai ta ji ƙululu daga ƙasa, jim kaɗan sai ga baƙon ya iso. Ta sami Madam a kicin.

"Ƙanwata, ki zo ki shinshina. Kumfar nan, in kika ƙetare warin, ƙamshin sabulunki take yi."

Madam ta ajiye cokali a hankali. "Sabuluna?"

"Naki. Mai ƙamshin lemon nan."

"Wato ke ce kike ɗauka. Shi ya sa nake ganin yana saurin ƙarewa."

Haka Yaya ta shiga kicin da hujja ta fito da laifi biyu. Da yamma Manaja ya dawo ya saurari ƙarar, ya ce shi ba zai shiga maganar sabulu ba don yana girmama yayarsa, amma akwai hanya ɗaya ta gane gaskiya. Ya sa kwaɗo a ƙofar banɗakin, ya jefa makullin a aljihu.

"To ina zan riƙa zagayawa, Auta?"

"Na ɗan lokaci ne, Yaya. Mu ga ko zai daina."

Banɗakin falo na baƙi ne, Madam ta ce ba a son a ɓata shi. Na sama kuwa gwiwoyin Yaya ba sa hawa bene, ba a kuma gayyace ta ba. Sai ga ta a ƙofata, tana murmushin da ya fi kuka ciwo, tana cewa, "Maƙwabciya, na zo aron abin da ba a mayarwa." Na ce gidana nata ne, ko sau nawa. Muka yi dariya, amma da ta shige sai na ji raina ya ɓaci. Matar da ta goya mutum a bayanta ce take neman wajen tsuguno a maƙwabta.

Ruwan bai san an sa kwaɗo ba. Washegari ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa kamar yadda ya saba. Da mai hankali ne, da nan ya tsaya ya yi tunani, amma Manaja mutum ne da ba ya son tunani ya ɓata masa hukunci. Ya ce tsohon tari ne yake dawowa, abin da aka daɗe ana zubawa ba ya ƙarewa rana ɗaya. Madam ta ce ko dai Yaya tana da wani makullin. Aka duba ƙarƙashin matashinta ba a samu ba, aka ce ta iya ɓoyo.

Ranar hutu Manaja ya fito da gajeren wando, da buhun siminti, da cokalin magina na aro. Ya ce yau zai kashe maganar daga tushe. Tunda ta magudanar nan ruwa yake fitowa, in aka rufe ta, ta ina zai fito? Ya kwaɓa siminti ya ɗura a magudanar, ya ɗura a bakin masan, ya shafe da kyau har yana ja da baya yana kallon aikinsa. Aka ce ɗakin sai ya sha iska, Yaya ta koma sito na 'yan kwanaki.

Sito ɗin na san shi. Ba taga, sai ramuka uku a saman bango. Tsofaffin tayoyi a gefe ɗaya, injin wuta da jarkokin mai a ɗayan. Aka jingina wasu kwalaye aka shimfiɗa mata katifa a tsakani. In ta miƙe ƙafa sai ta taɓa taya.

A nan ta fara tari. Ta kuma rage shan ruwa, ban gane ba sai da na ga zuwanta gidana ya ragu, leɓunanta sun bushe. Na tambaye ta, ta ce ba ta son ta yi ta buga mini ƙofa ina kan aiki. Wata rana jiri ya ɗebe ta a bakin ƙofata, da ƙyar na tare ta. Na zaunar da ita na ba ta ruwa, na tsaya a kanta har ta shanye. Da na tare Manaja a waje na gaya masa, ya gode mini ƙwarai, ya ce ai Yaya tun suna yara haka take, ba ta son shan ruwa.

Shi kuwa a kwanakin nan tafiyarsa ma ta canza. Warin ya ɗauke, bayan gida ya bushe. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya ji labarin yadda ya gyara bututu da hannunsa ba tare da an fasa bulo ko ɗaya ba. Ni dai ina jin ƙululun yana ƙaruwa ta cikin katanga.

Ranar da abin ya faru, Madam ce take karɓar taron ƙawayenta. Tun safe ake ta wanka a sama, injin wanki yana ta juyi, ana ta wanke-wanke a kicin. An umarci Yaya da kada ta fito saboda tarinta, ita kuwa ta ga gara ta yini a wajena tana cire mini zare. La'asar ta yi, falo ya cika da mata da turare da dariya. Wata mai doguwar riga ta shiga banɗakin baƙi, ta gama abin da ya kai ta, ta danna ruwa. Maimakon ya tafi, sai ya dawo da 'yan rakiya.

Daga tagata na ga fitowarsu. Manyan mata, kowacce ta tattare riga da hannu ɗaya, takalmi a ɗaya hannun, suna tafiya a kan yatsu. Wata ta manta jaka ta ce a bar ta, ta yafe. Ba a yi sallama ba. Madam ta biyo su har bakin ƙofa tana cewa ba a taɓa yin haka ba, sannan ta juyo tana haki.

"Ina Yaya?"

Na leƙa ta taga. "Tana nan wajena tun safe, Madam. Ko ruwa ba ta taɓa ba a gidanku."

Yaya ba ta ɗago ba, ta ci gaba da cire zarenta. A hankali ta ce, "Allah sarki. Su ma tsufa ya kama su."

Kafin magariba Manaja ya kira mai gyaran famfo. Abin da jirin Yaya bai yi ba, kafet ɗin falo ya yi.

Mai Famfo ya iso da safe a kan babur, da dogayen sandunan ƙarfe ɗaure a baya. Gajere ne mai fara'a, irin mutanen da ba sa faɗin magana sai sun duba fuskar wanda zai sallame su. Bai shiga banɗaki ko ɗaya ba. Ya ce duk ruwan gida, na sama da na ƙasa, a babban bututu ɗaya yake haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa ya fita titi, shi za a tambaya. Ya ɗaga murfin ramin dubawa na kusa da gida, ya same shi cike maƙil. Ya je ya ɗaga na bakin ƙofar waje, ya same shi a bushe har da gizo-gizo.

"Ranka ya daɗe, matsalar tana tsakanin nan da can."

Ya riƙa ɗaura sanda a kan sanda yana turawa ta busasshen ramin. Tana tafiya, tana tafiya, sai ta tsaya cak. Ya murɗa, ya buga, aka ji ƙarar ƙarfe a kan abu mai tauri. Ya ɗaura tsumma a inda ta tsaya, ya zaro, ya shimfiɗa sandar a kan bulo yana bin layin bututun. Bakinta ya je ya tsaya daidai gindin ƙafar rumfar mota.

Mai Famfo ya dubi ƙarfen rumfar, ya dubi sandarsa, ya dubi Manaja.

"Wa ya kafa wannan, ranka ya daɗe?"

"Ni na nuna wajen da kaina," in ji Manaja yana dafa ƙarfen. "Mai walda ya so ya matsa gefe, wai ya ji wani abu a ƙasa. Na ce ko dai nan ko ya kwashe kayansa. Dubi yadda ya yi daidai da ƙofa."

"Ya yi daidai ƙwarai," in ji Mai Famfo. "Sai dai mu ɗan tona mu gaishe shi."

Aka janye mota, aka ɗaga bulon nan da ba a taɓawa, aka sa diga da shebur. Ni da Yaya muna tsaye a inuwa, don na ce yau ko ɗinkin wa zai makara sai na gani. Da ramin ya kai ƙugu, ƙasa ta fara yin baƙi tana tsatsafa. Sai ga bututun. Ƙafar rumfar ta fasa shi ta sama, kankaren da aka zuba mata ya cika fiye da rabin cikinsa. 'Yar kafar da ta rage ita ce take ɗaukar ruwan gidan duka, har ta gaji ta toshe. Mai Famfo ya sa ƙugiya ya riƙa jawo abin da ya maƙale: ƙyallayen goge kwalliya, auduga, da wani dogon gashin kanti da ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Yaya ta ɗan gyara ɗankwalinta a kan 'yar furfurarta. Madam ta tuna ta bar abu a wuta.

Manaja ya daɗe yana kallon ramin. "Wane sakarai ne ya bi da bututu ta nan?"

"Magina na da, ranka ya daɗe," in ji Mai Famfo da sauri. "Ba sa tunanin gaba. Ina suka san za a kafa rumfa."

Yaya ta matso bakin ramin, tana dafa kafaɗata. "Malam, ina da tambaya. Ni ce na toshe shi?"

"Ke kuma, Mama? Ɗakinki ne dai ya fi kowanne gangarowa. Ruwa in ya rasa hanya, wajen da ya fi ƙasa yake fara nema. Da aka rufe naki da siminti, sai ya nemi na gaba. Wanda ma ya zuba simintin nan..." Manaja ya yi gyaran murya. Mai Famfo ya dubi sama. "Ya iya shafe, gaskiya. Hannunsa yana da kyau."

"Ka ji, Auta?"

"Haba Yaya, wa ya ce ke ce? Ba wanda ya taɓa cewa ke ce. Gwaji muka yi, ga shi gwajin ya kai mu ga gaskiya."

Gyaran ya ɗauki kwanaki. Aka tokare rumfar, aka fasa kankaren, aka matsar da ƙafar zuwa inda mai walda ya so tun farko. Mai Famfo ya yanke fasasshen wajen, ya shimfiɗa yashi, ya ɗora sabon bututu ya haɗa bakunan, yana dubawa kada gangaren ya koma baya. Kafin a mayar da ƙasa ya sa aka buɗe duk famfunan gidan lokaci ɗaya, muka taru a ramin bakin ƙofa muna kallon ruwa yana wucewa a guje. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin irin wannan ruwa ba.

Saura banɗakin Yaya. Simintin Manaja ya kama da gaske, ba yadda za a yi sai an fasa daɓen an cire masan gaba ɗaya. Tunda an fasa, Madam ta ce a sa tayil. Tunda an sa tayil a banɗaki, ba zai yi kyau a bar ɗakin haka ba, aka sa masa shi ma. Aka yi fenti, aka canza taga, aka ɗaura fanka. Kullum Yaya takan fito daga sito ta tsaya a ƙofa tana kallo, tana sa wa ma'aikata albarka. Ta kawo labulenta na rage masa tsawo saboda sabuwar tagar. Ta wanke zanen gadonta ta shanya a igiyata. Har ta ce mini, "Kin ga Auta? Bakinsa ne ba ya iya ba da haƙuri, amma hannunsa yana bayarwa." Na gyaɗa mata kai, don ina son ya zama gaskiya.

Ranar da fenti ya bushe, na ɗaukar mata labulen da zanen gadon muka zagaya baya. Muka tarar an riga an sa gado sabo, da labule mai ruwan zuma, da 'yar darduma a ƙasa. Madam tana fesa turare. Manaja yana gwada makulli a sabuwar ƙofa.

Yaya ta tsaya da murmushinta. "Har da gado, Auta? Ai da ka bar mini nawa, ya ishe ni."

Manaja ya dubi matarsa. Madam ta ci gaba da fesa turare.

Manaja ya ce, "Wato, Yaya, mun yi shawara. Tayil ɗin nan santsi gare shi. In kika zame kika karya ƙugu, me zan ce wa dangi? Lafiyarki muke dubawa. Kuma kin ga abin kunyar da ya faru ran nan, gida kamar wannan ba shi da ɗakin saukar baƙi. Sito ɗin za mu fasa miki taga, in an samu sarari."

"Banɗaki fa?"

"Ai kun saba da maƙwabciya," in ji Madam, ta yi mini murmushi.

Na buɗe baki, Yaya ta matse mini hannu. Ta leƙa ɗakin, ta dubi fankar tana juyawa a kan gadon da ba kowa. Duk kwanakin da yake ambaliya ba wanda ya yi mata gardamar cewa nata ne.

"Wane baƙo ne zai zo?" ta tambaya.

"Ba a sani ba tukuna. Amma baƙo ba ya sanarwa."

"To ga shawara, Auta. Ka ɗauka yau na iso. Daga nesa na zo, na gaji, ga kayana a hannu. Ka sauke ni."

Manaja ya yi dariya sosai, har da dafa bango. Ya ce Yaya ba ta rabuwa da barkwanci. Sannan ya ja ƙofar, ya murɗa makulli sau biyu.

"Haba Yaya, ke da gidanku? Ai ke 'yar gida ce."

Ta karɓi labulenta daga hannuna, ta naɗe shi a ƙirji, ta nufi sito.